Hannun roba da ake bugawa da firintar 3D: su wa ke yin sa, ta yaya, kuma wa ya dace da shi?

Tambaya: Ɗan ƙanwata shekararsa shida, an haife shi babu yatsu a hannun dama, amma yana da tafin hannu kuma yana iya lanƙwasa wuyan hannun. Na ga hotunan yara a ƙasashen waje sanye da hannayen roba masu launi, an ce 'yan sa-kai ne suke buga su da na'ura suna bayarwa kyauta. Yaya wannan aiki yake gudana, kuma zai yiwu mu kafa irin wannan ƙungiya a garinmu?

Amsa: Malama, abin da kika gani gaskiya ne, kuma bisa yadda kika siffanta hannun ɗan naki, yana cikin ainihin yaran da aka fara ƙera wannan hannu dominsu, wato masu tafin hannu da wuyan hannu mai motsi amma babu yatsu. Sai dai a matsayina na wanda aikinsa shi ne auna wa mutane gaɓoɓin roba da gyara musu su, ina so ki shiga wannan magana da sanin cewa na'urar ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da ke sa yaro ya ci gaba da sa hannun bayan wata shida, maimakon a jefa shi a ƙarƙashin gado, shi ne mutanen da suka auna shi da kyau, suka saurari abin da yake so ya yi da shi, suka kuma dawo duba shi bayan an gama ɗaukar hoto.

Firintar 3D irin wadda 'yan sa-kai suke amfani da ita ba ta wuce girman ƙaramin firji ba. Ana ɗora mata naɗin zaren roba mai kauri kamar na taliya, sai ta ja shi zuwa wani ɗan baki mai zafin da ya kai wajen digiri 200, ta narkar da shi, ta riƙa shimfiɗa shi siriri-siriri bisa zanen da aka ba ta daga kwamfuta, sahu a kan sahu, kamar yadda maginiyar tukunya take ɗora murɗaɗɗen yumɓu har tukunya ta tashi. Fasahar ta daɗe a hannun manyan kamfanoni, amma abubuwa biyu suka sauko da ita zuwa ɗakunan mutane: aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, wanda ya saki tsarin na'urar ga duk mai so, da kuma ƙarewar wa'adin haƙƙin mallakar wannan hanyar bugu a 2009. Daga nan farashi ya faɗi, dubban mutane a Turai da Amurka suka mallaki na'urar a gida, yawancinsu ba su da wani abin kirki da za su buga da ita face kayan wasa.

Labarin hannun kuwa ya faro ne a 2011, lokacin da zarton inji ya yanke wa wani kafinta na Afirka ta Kudu mai suna Richard Van As yatsu huɗu na hannun dama. Da ya ga kuɗin yatsun roba na kamfani ya fi ƙarfinsa, sai ya shiga neman yadda zai ƙera wa kansa, har ya ci karo da bidiyon wani Ba'amurke mai suna Ivan Owen, mazaunin Bellingham a jihar Washington, wanda sana'arsa ita ce ƙera kayan wasan kwaikwayo, kuma ya yi wani ƙaton hannun ƙarfe da ake motsa yatsunsa da igiyoyi. Suka shiga aiki tare ta intanet, tsakaninsu akwai tafiyar kusan kilomita 16,000. Ana cikin haka wata uwa a Afirka ta Kudu ta tuntuɓe su saboda ɗanta ɗan shekara biyar da aka haifa babu yatsu a hannun dama, suka ƙera masa na farko da ƙarfe da sukurori. Owen ya ɗauki dabarar daga wani tsohon hannu da likitan haƙori Robert Norman ya sassaƙa wa wani soja a Adelaide ta Ostareliya wajen 1845, wanda shi ma da igiyoyi yake aiki.

Nan da nan suka fahimci matsalar da duk mai yi wa yara gaɓar roba ya sani, cewa yaro girma yake yi, abin da ya dace da shi bana zai matse shi baɗi. Idan zanen yana cikin kwamfuta kuwa, ƙara masa girma aikin 'yan mintuna ne. Kamfanin MakerBot ya ba su firinta biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Afirka ta Kudu, sai ya zama Owen zai gyara zane ya aika, Van As ya buga ya gwada a jikin yaron ya maido da bayani. A watan Janairun 2013 suka ɗora fayilolin a dandalin Thingiverse ba tare da neman ko kwabo ba, suka bar wa kowa damar saukewa da gyarawa. A ganina wannan shawarar ta fi ƙirar kanta muhimmanci, domin hannun farko bai da wani inganci na a-zo-a-gani, amma da yake an buɗe shi ga kowa, ɗaruruwan mutane sun sa basirarsu a kansa.

A watan Yulin wannan shekarar Jon Schull, wani mai bincike a Cibiyar Fasaha ta Rochester a jihar New York, ya buɗe taswira a intanet ya ce duk mai firinta da ke son taimakawa ya sa alama a inda yake, duk mai buƙatar hannu shi ma ya sa tasa. Wannan taswira ce ta zama ƙungiyar e-NABLE, wadda a yau take da rassa a ƙasashe da dama, cikinsu akwai makarantu da jami'o'i da ɗakunan karatu. Samfurori suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana gyara aibin na baya. Jorge Zuniga na Jami'ar Creighton ya fitar da Cyborg Beast, Peter Binkley ya ƙera Talon domin ɗansa, aka haɗu aka yi Raptor a 2014 don a rage yawan sukurorin ƙarfe da sai an saya, daga baya Phoenix ya zo ya fi su kama abu. Wasu mutum biyu a Birtaniya, Stephen Davies, wanda shi kansa an haife shi babu hannun hagu, da Drew Murray, suka fitar da samfurin UnLimbited wanda gwiwar hannu ke motsa shi, domin waɗanda ba su da wuyan hannu. Ki lura da yawan masu lalurar da iyayensu a cikin masu ƙirar, domin gyare-gyaren da suka fi amfani daga wurinsu suka fito. A 2014 an yi taro a asibitin Johns Hopkins inda aka zaunar da masu firinta da ƙwararrun masu haɗa gaɓoɓi wuri ɗaya, a 2015 kuma Google ta ba da tallafin dala 600,000 ga aikin.

Yadda ake yi wa yaro guda kuwa shi ne, iyaye su ɗauki hotunan hannayensa biyu daga sama da gefe, a shimfiɗe a kan tebur da rula a kusa, domin mai bugawa ya fitar da faɗin tafin da tsawon damtsen. Daga nan a zaɓi samfur, a ƙara ko a rage girmansa a kwamfuta, a bar yaron ya zaɓi launi, abin da bai kamata a raina ba domin yaro ya fi riƙe abin da shi ya zaɓa. Bugun sassan kan ci awa goma zuwa ashirin. Sannan a kankare kaifin gefuna, a harhaɗa gaɓoɓin yatsu, a zura zaren kamun kifi mai ƙarfi daga kan kowane yatsa ya bi ta bayan tafin zuwa wani maɗauri da ke kan damtse, a sa 'yan robobi masu talewa da za su riƙa miƙar da yatsun. A wasu samfurori ana buga maɗaurin damtsen a shimfiɗe, a tsoma shi cikin ruwan zafi ya yi laushi, a lanƙwasa shi daidai da siffar hannun. A ƙarshe a liƙa soso mai taushi a ciki, a sa maɗaurai masu mannewa. Idan yaron ya lanƙwasa wuyan hannunsa ƙasa, zaren ya ɗame, yatsun su dunƙule; idan ya miƙe, robobin su buɗe su. Babu batir, babu injin lantarki, kuma kayan gaba ɗaya ba su cika wuce dala 30 zuwa 50 ba, alhali hannun roba na asibiti a Amurka dubban daloli ne.

Yanzu ga abin da hotuna ba sa nunawa. Yatsun gaba ɗaya suke dunƙulewa, ba ɗaya-ɗaya ba, kuma riƙonsu ba shi da ƙarfi. Yaro zai ɗauki ƙwallo ko kofin roba mara nauyi, zai tallafi littafi, amma ba zai ɗauki bokitin ruwa ba, ba zai rataya a reshe ba, kuma haɗari ne a bar shi ya dogara da shi wajen kama birkin keke. Ƙananan sassansa na iya karyewa yaro ya kai baki, shi ya sa ba a so a ba yara ƙanana sosai. Akwai kuma wani abu da iyaye kan yi mamakinsa idan na faɗa musu: yaron da aka haifa babu yatsu ya riga ya koyi yin kusan komai da hannunsa yadda yake, kuma fatar tafin nan tana jin zafi da sanyi da taushi, abin da roba ba ta ji. Idan aka rufe ta da roba an ba shi riƙo, amma an karɓe masa ji. Saboda haka yara da yawa sukan sa hannun na ɗan lokaci, ko su riƙa sa shi don wani aiki guda ko don zuwa makaranta, sauran lokaci su ajiye. Ban ɗauki wannan a matsayin asara ba, domin na ga yadda yaron da ke ɓoye hannunsa cikin aljihu yake sauyawa idan abokansa suka kewaye shi suna sha'awar abin da ya sa, kuma wannan amfani ne na gaske. Abin da nake ƙi shi ne a tilasta masa sawa don manya sun kashe kuɗi ko don baƙi za su zo.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Robar da aka fi bugawa da ita, wadda ake kira PLA, tana fara laushi da ta kai wajen digiri 60, kuma motar da aka rufe aka bari a rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder tana iya kai abin da ke cikinta ga wannan zafin. Hannun da aka manta a cikin mota zai iya karkacewa kafin la'asar. Robar PETG ta fi jure zafi, ita nake ba da shawara a nan ko da ta fi wuyar bugawa. Gumi yana jiƙa soson ciki ya jawo ƙuraje idan ba a wanke ana shanyawa, ƙurar hunturu tana shiga gaɓoɓin yatsu, robobin da ke miƙar da yatsu kuma suna saurin tsinkewa a zafi, don haka dole a ba iyaye na canji a koya musu sawa. Ga batun wuta: bugun da zai ɗauki awa goma sha biyar idan aka ɗauke wuta a tsakiyarsa sau da yawa ya lalace ke nan, saboda haka duk ƙungiyar da za ta sayi firinta sai ta sa kuɗin sola da batir a cikin lissafinta tun farko.

Wani bambanci mai girma shi ne irin waɗanda za su zo neman taimako. A ƙasashen da e-NABLE ta fi ƙarfi, yawancin yaran haihuwarsu aka yi a haka. A asibitocinmu kuwa, yaran da suka rasa hannu da yawansu karaya ce aka kai wurin mai ɗori, aka ɗaure tamau har jini ya daina gudana, hannun ya ruɓe, aka yanke shi a kusa da gwiwa ko sama da ita. Ga haɗarin mota da babur, ga injin niƙa da na markaɗe, ga raunukan rikici, ga ciwon suga da ke cin ƙafafun manya. Wanda aka yanke wa hannu sama da gwiwa ba shi da gaɓar da za ta ja zaren, dungun da aka yi wa tiyata kuma yana da tabo da jijiyoyi masu zafi, siffarsa tana sauyawa har tsawon watanni. Irin wannan ba aikin mai firinta shi kaɗai ba ne. Ƙafa kuwa ina roƙon kada wata ƙungiyar sa-kai ta taɓa ta ba tare da ƙwararre ba, domin kuben da dungu yake shiga shi ke ɗaukar nauyin mutum duka, idan ya danne inda bai kamata ba zai buɗe gyambo, ga mai ciwon suga kuwa gyambo na iya kai wa ga sake yanka. Masu wannan buƙata wurinsu sashen gaɓoɓin roba ne, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Wannan ba ya nufin firinta ba ta da wuri a aikin ƙwararru. Ƙungiyar Humanity & Inclusion, wadda a da ake kira Handicap International, ta gwada wa majiyyata a Togo da Madagaska da Siriya kuben ƙafa da aka buga da firinta a 2016, sannan daga 2017 ta gudanar da wani shiri a Togo da Mali da Nijar na buga takalman tallafe ƙafa, inda ake ɗaukar siffar ƙafar majiyyaci da 'yar na'urar hannu maimakon naɗa filasta, a aika fayil ɗin ta intanet, a buga a Lome. Ƙungiyar likitoci ta MSF ma tun 2017 tana buga hannaye, daga baya kuma har da abin rufe fuskar waɗanda suka ƙone, a asibitinta na Amman a Jodan. A duk waɗannan, ƙwararre ne ke aunawa da gwadawa, na'ura tana rage masa tafiya da lokaci ne kawai. Dalilin neman irin wannan sauƙi a fili yake, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar aƙalla kayan tallafi guda, kusan biliyan ɗaya ba su samu ba, kuma a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin ɗari ne kacal na masu buƙata suke samu.

Idan kika tambaye ni inda ƙungiyar unguwa za ta fi yin amfani, zan ce a ƙananan kayan da babu mai ɗaukar hotonsu. Mariƙin cokali mai kauri ga dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta raunana masa hannu, abin riƙe alƙalami ga yarinyar da yatsunta suka ƙage, abin murɗa makulli ko buɗe murfin kwalba, abin sa maɓallin riga, mazaunin waya da ake ɗaurawa a keken guragu, taswira ko siffofin lissafi masu tudu da ɗalibi makaho zai shafa. Waɗannan bugunsu awa ɗaya ne ko biyu, haɗarinsu kaɗan ne, kuma masu su kullum suke amfani da su. Shirin Makers Making Change na ƙungiyar Neil Squire a Kanada, wanda ya fara a 2016, a kan wannan ya ginu: yana da rumbun zane-zane a buɗe, mai buƙata ya nema, ɗan sa-kai na kusa ya ƙera, a biya kuɗin kaya kawai. Wani shirin mai suna TOM da aka fara a Isra'ila a 2014 yakan tara injiniyoyi da likitocin gashin ƙashi na kwana uku, kuma ƙa'idarsa ita ce kowace tawaga sai da mai lalurar a cikinta, shi ne mai faɗin matsalar, shi ne kuma mai cewa an dace ko ba a dace ba.

Kafa irin wannan a garinku mai yiwuwa ne, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ƙungiyar masu lalurar shan-inna ta Kano ta shafe shekaru tana ƙera kekunan guragu da hannun 'ya'yanta, su ne masu walda, su ne masu hawa, shi ya sa kekunan suka dace da hanyoyinmu. Wannan tsarin nake so ku ɗauka. Kada ku fara da sayen na'ura. Ku fara da zama da ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta garin da malaman makarantarsu, ku rubuta abubuwan da suke cewa suna ba su wahala. Ku nemi likitan gashin ƙashi ko ma'aikacin sashen gaɓoɓi da zai yarda ya riƙa duba kowane mutum kafin a yi masa abu da bayan an yi. Mai sarrafa na'urar kuwa a kwalejin kimiyya da fasaha ko sashen injiniya na jami'a za ku same shi, kuma mai yiwuwa ne ku tarar suna da firintar da ba a cika amfani da ita ba. Kada ku manta da tela da baduku, domin maɗauri da shimfiɗar ciki su ne ke taɓa fata, kuma sun fi injiniya sanin yadda za a yi su. Sai mutum guda mai haƙuri da zai riƙe littafi, ya rubuta wa aka ba, yaushe, wane girma, ya kuma kira bayan mako biyu da bayan wata uku ya ji ko ana amfani da abin. Wannan kujera ita ce ake rainawa, kuma rashinta ne ke kashe yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi, domin ɗalibai sukan gama karatu su watse, a bar yaro da karyayyen yatsa babu wanda zai buga masa wani.

Ina kuma jan hankalinku kan mutuncin waɗanda za ku yi wa aiki. Kada a sa hoton yaro a Facebook sai da yardar iyayensa da tasa, kada kuma a mayar da ɗaukar hoto sharaɗin samun hannu. Ku gaya wa kowa gaskiyar abin da kayan zai iya da wanda ba zai iya ba kafin a fara aunawa.

Game da ɗan naki, ku fara kai shi a duba ƙarfin wuyan hannun, domin ana so ya iya lanƙwasa shi kamar kusurwar digiri 30 ba tare da ciwo ba, a kuma duba lafiyar fatar. Ku tambaye shi, ba tare da kun sa masa magana a baki ba, ko akwai abin da yake so ya yi wanda hannun ke hana shi. Idan ya ce riƙe kan keke ne ko igiyar tsalle, wataƙila ɗan abin da aka ƙera don wannan aikin kaɗai zai fi masa hannu mai yatsu biyar amfani. Idan kuma hannun yake so, samfurin Phoenix ya dace da irin nasa. A makon farko ya riƙa sawa na minti goma sha biyar zuwa ashirin, a cire a duba fatar, in an ga jan da bai baje ba bayan kamar minti ashirin a dakata har sai an gyara wurin da ke danne shi. Ku ajiye fayil ɗin da ma'aunin da aka buga da shi, domin a shekarunsa za ku buƙaci wani mafi girma cikin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi.